Sa Hannun Malamai Uku

Tun da na dawo daga Abuja mutane ba su bar ni na huta ba. In na fita gona a tare ni, in na je duba mara lafiya shi ma sai ya tashi zaune ya ce in ba shi labari. 'Yan'uwana masu bishara na sauran ƙauyuka kuwa har saƙo suke aikowa, don sun san layi na zuwa kansu. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara gishiri da zarar ya bar bakina. Shekaranjiya a kasuwa na ji wai a gaban ministoci na yi wa'azi. To ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nomau, ni ne mai bishara na 'yar majami'armu a wani ƙauye bayan Musawa. Shekara goma sha tara ke nan ina kan wannan aiki. Ban yi makarantar tauhidi ba, a hannun wani tsohon fasto na yi karatuna, yanzu yana wurin Ubangiji. Kwana shida ina gona, ran Lahadi in wanke ƙafa in hau bagade. Haka muke tafiya lafiya lau har bana, da dattawan gunduma suka fito da sabuwar doka: duk mai bisharar da ba shi da takarda sai ya je Abuja ya yi kwas na mako biyu a wata makarantar masu wa'azi da ɗarikoki daban-daban suka haɗu suka buɗe. Wanda ya dawo da satifiket ya ci gaba da aikinsa. Wanda bai samo ba ya sauka, a turo matashi mai digiri, ya kuma kwashe iyalinsa daga gidan coci. A gidan nan aka haifi 'ya'yana huɗu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba, na gaya wa sakataren gunduma cewa wanda ya sa kwas a tsakiyar damina bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya ce ya ji, amma dai ran Talata ake farawa.

Ran Litinin da sassafe mai ɗakina Saratu ta haɗa mini ƙuli-ƙuli da garin kunu, ta kuma sa zabi biyu a kwando, wai na shugaban makaranta ne, don ba a shiga wurin manya hannu rabbana. Na ce mata jarrabawa za ni ba neman aure ba. Ta ce in dai ɗauka.

Daga Funtuwa aka cusa mu mu goma a motar mutum bakwai, ni da kwandona a kan cinya. Har Zariya ana ta hira da siyasa, amma da muka bar Kaduna muka miƙi hanyar Abuja sai motar ta yi tsit, kowa ya san dalili. Direba ya ce jama'a kowa ya kama addu'a. Wani Alhaji da ke matse da ni ya fara tasa, ni ma na sunkuyar da kai na yi tawa a hankali, na rufe da sunan Yesu kamar kullum. Sai na ga ya juyo ya kalli hulata, ya kalli kaftanina, ya sake kallon fuskata. Can ya ciro goro ya raba biyu ya miƙo mini, ya ce, "Allah dai ya kai mu lafiya, Malam, ko da addu'ar wane ne a cikinmu." Muka ci goronmu har Tafa.

Zuba ita ce ƙofar Abuja ga irinmu. Nan direba ya sauke mu, ya ce motarsa ba ta da izinin shiga gari. Ko gama miƙe ƙafa ban yi ba wasu mutum biyu masu riguna kore-kore suka tare ni, wai ina takardar tsuntsaye. Ni da na baro gida neman takardar kaina, yanzu har zabi ma sai da takarda? Na ce su buɗe su tambaye su da kansu. Ɗayan ya ɗauka da gaske nake, ya ɗaga murfin kwandon. Fir, zabuwa ɗaya ta tashi ta tsallake titi ta faɗa cikin garejin manyan motoci, direbobin tirela suka bi ta da gudu suna shewa. Mutanen nan biyu dariya ta hana su ci gaba da magana, suka ɗaga mini hannu wai in wuce.

Makarantar tana kan hanyar Kwali, bayan an wuce Gwagwalada. A wannan hanyar na fara ganin matan Gbagyi suna ɗauke da itace da doya a kafaɗa, cikin wata babbar ƙwarya, kai kuwa ba komai a kansa. Na tambayi wadda ke kusa da ni a mota, ta ce su a wurinsu kai ya riga ya ɗauki nasa kayan, tunani, ba a ƙara masa wani. Na ce a raina da Saratu ta ji wannan da ta bar mini tulun ruwa.

A bakin get mai gadi ya dube ni sama da ƙasa, ya ce cikin ladabi masallaci yana can gaba kaɗan. Na ciro masa wasiƙar gunduma. Ya riƙe baki, ya ce shi tunda yake gadin nan bai taɓa ganin fasto mai Hausar Katsina tsantsa ba. Sunansa Malam Lawal, mutumin wajen Mai'aduwa ne, shekara shida yana Abuja, iyalinsa suna gida. Nan take muka zama 'yan gari ɗaya. Da ofis suka ce ba sa karɓar kyauta daga hannun ɗalibi kafin jarrabawa, shi na miƙa wa zabuwar da ta rage. Ya yanka ya gasa, muka cinye ta tare a ɗakin gadi.

Ɗakin kwana mu biyu ne, ni da wani Fasto Sande, mutumin wajen Akwanga, yana da cocinsa a Mararaba, irin masu ganga da jita da addu'ar ihu. Mutumin kirki ne, amma Hausarsa ta Abuja ce, ba ruwanta da mace ko namiji. In wayata ta yi ƙara ina wanka sai ya ƙwala mini kira, "Baba, matarka ya kira." Mu a gida durƙusawa muke yi mu yi addu'a a hankali. Shi da asuba yake tashi ya kama zagaye ɗaki yana tafi yana yi wa Shaiɗan tsawa, har ranar farko na zabura na ɗauka ɓarawo ya kama. Abinci kuwa shinkafa da rana, teba da miyar agushi da yamma, da safe a ba ka ruwan zafi da wata 'yar jaka mai zare wai shayi ke nan. Da ba don garin kunun Saratu ba da na rame.

Yanzu ga ainihin abin da ya kai ni. Malamanmu uku ne. Akwai Rabaran Dakta Habila, ɗan ɗarikarmu, dogo, ba ya dariya, duk gundumomi ana jin tsoron jan bironsa. Akwai Fada Danjuma, tsoho mai farar riga har ƙasa, mai magana a hankali. Sai wata mace da kowa ke kira Mama Fasto, mai babban coci a cikin gari. Ni dai ban taɓa zama mace ta koya mini wa'azi ba, ranar farko har na rasa inda zan sa idona. Da ta buɗe baki na mance da wannan, don matar ta san Littafi kamar tafin hannunta. Turanci take haɗawa da Hausa, inda na ɓace Sande ya raɗa mini.

Tsarinsu shi ne a ɗauki nassi ɗaya, kowanne ya zo ya buɗe shi yadda ɗarikarsu take yi. Makon farko suka ɗauki misalin nan da Ubangiji ya bayar na mutumin da ya shuka alkama a gonarsa, mutane suna barci maƙiyi ya zo ya watsa muguwar ciyawa a ciki. Barori suka ce su je su cire, mai gona ya hana, ya ce kada garin cire ciyawa su tumɓuke alkama, a bar su tare har girbi, sannan a raba.

Dakta Habila ya ce wannan misali ba ya bukatar wayon kowa, don Ubangiji da kansa ya fassara shi: gona ita ce duniya, girbi ƙarshen zamani, masu girbi mala'iku. Aikin mai wa'azi ya faɗi abin da ke rubuce, ya duba gaba ya duba baya, ya rufe bakinsa. Ya kuma ja kunnenmu kada wani ya fake da wannan nassi ya hana ikilisiya yi wa mai zunubi horo. Washegari Fada ya zo ya ce iyayen ikilisiya na dā sun ga gonar nan a cikin coci, sun kuma gan ta a cikin zuciyar kowane mutum, saboda haka darasin haƙuri ne, wanda ka gani ciyawa yau ba ka san abin da alheri zai mai da shi gobe ba. Su ba sa ma zaɓar nassi da kansu, kowace Lahadi da nata karatun a jere tun kafin a haife su. Rana ta uku Mama Fasto ta doki tebur ta ce duk mun tsallake wurin da wutar take: mutane suna barci. Wa ya ce ka yi barci? Maƙiyi na nan da rai, yana shuka ciwo da rashin aiki da faɗa a gidajen mutane, mai wa'azi ya tashe su su yi tsaro da addu'a.

Abin da ya dame ni, duk wanda ya gama sai in ji shi ne mai gaskiya. Na kira Saratu na ce mata shekara goma sha tara ina wa'azin wannan misali, ashe ban san gona nawa ce a ciki ba.

Sai aka gaya mana yadda jarrabawa take. Ran Lahadin ƙarshe kowa zai yi wa'azi a coci na gaske, gaban jama'a na gaske, malaman nan uku suna zaune a baya. Satifiket kuma ba ya fita sai da sa hannunsu su ukun. Ko ɗaya ya ƙi, shi ke nan. Ɗalibai suna da dabararsu da suka gada daga waɗanda suka riga su: ka raba wa'azinka kashi uku, ka ba kowane malami nasa, kowa ya ji muryarsa a bakinka ya sa hannu. Sande ya ce haka kowa ke yi, in kwantar da hankalina.

Ran Alhamis ta mako na biyu aka yi gwaji a aji, a kan wani nassi dabam, na bi dabarar nan tiryan-tiryan. Na ba Dakta nasa, na ba Fada nasa, da na zo kashin Mama Fasto har na gwada ɗaga murya na doki tebur, sai tari ya sarƙe ni. Da na gama Dakta Habila ya cire tabarau ya ce, "Malam Nomau, ka ciyar da mu mu uku. Tumakin fa, me suka ci?" Ya ce in haka zan yi ran Lahadi, kada in wahalar da kaina zuwa. Ni da furfurata, a gaban yaran da na haifa, kunya ta rufe ni har na rasa ƙofar fita. Da yamma aka zuba 'yan takardu a kwano kowa ya ɗauki nassin jarrabawarsa. Na sa hannu na ciro, na buɗe, alkama da ciyawa. Wato wurin da kowannensu ya riga ya kafa turkensa. Sande ya leƙa ya ce, "Baba, sai addu'a."

Ran Juma'a na yini da biro da takarda ban rubuta layi biyar ba. Da la'asar na ajiye na fita wurin Malam Lawal, Sande ya biyo ni wai kada in yi tunani da yawa. A bayan katangar makaranta akwai wani fili da mai shi bai gina ba, Malam Lawal ya shuka gero a ciki da irin da ya zo da shi daga gida. Haka 'yan ci-rani suke yi a Abuja, duk kangon da suka samu sai sun soka wani abu. Geron ya kai ƙugu, bai fitar da kai ba tukuna. Na karɓi fartanya don jikina ya saki. Sande ya ce shi ma zai taya mu, ya naɗe hannun riga.

Muna cikin aiki Malam Lawal ya ce yana jin akwai shibra da yawa a irin nan na bana. Sande ya tambaya mece ce shibra. Muka gaya masa wani gero ne na banza da ke fitowa cikin na kirki, kansa duk gashi, tsabarsa ƙanana, kuma tana zubewa ƙasa da kanta kafin a zo girbi. Sande ya ce to me muke jira, mu nuna masa ita ya tumɓuke yanzu. Bai ma jira ba, ya cafki wani siririn kara zai fizge. Ni da Malam Lawal muka riƙe masa hannu lokaci ɗaya.

Malam Lawal ya ce, "Oga Fasto, ko kakana bai iya gane ta ba sai ta fitar da kai. Kuma rami ɗaya suke, saiwarsu a sarƙe. Ka ja wannan, ka tafi da tuwon mutum."

Suka ci gaba da gardama suna dariya, ni kuwa na tsaya da fartanya a hannu kamar an dasa ni. Wannan abin na san shi tun ina bin babana gona. Ban taɓa haɗa shi da nassin ba, don kullum ina ganin alkama abar wata ƙasa ce, sai masu digiri. A nan na gane malaman nan uku gona ɗaya suke kallo. Mama Fasto tana tsaye a ranar shuka, Dakta yana tsaye a ranar girbi, Fada yana ta kai da kawowa a tsakani. Ba wanda ya yi ƙarya. Tambayar ita ce, mutanen da zan yi wa magana jibi, su a ina suke tsaye? Na jingine fartanyar na koma ɗaki ban yi wa kowa sallama ba.

Cocin da aka tura ni yana Durumi. Daga babban titi ka ga benaye masu gilashi, ka sauka kaɗan sai ga lungu da kwata da rumfunan kwano, mai shayi nan, mai gyaran takalmi can. Majami'ar ta langa-langa ce, sujadar Hausa ƙarfe bakwai na safe, don yawancinsu masu gadi ne da masu dafa abinci a gidajen manya da leburori da mata masu sayar da kayan miya, dole su koma aiki. Mutanen Zuru, da na Tangale, da na kudancin Kaduna da Bauci, kowa da irin Hausarsa. Malaman nan uku suka zauna a bencin ƙarshe, kowanne da takarda a cinya. Na hau bagade na buɗe Littafi.

Na karanta nassin har ƙarshe da fassarar da Ubangiji ya yi masa. Sannan na ce musu ni ban taɓa noman alkama ba, ina kuma jin yawancinsu haka. Na tambaya wa ya san shibra. Kai, sai ga hannuwa sama, har masu gadin da suka kwana aiki suna gyangyaɗi suka farka. Na ce to wa zai iya nuna mini ita a cikin gero kafin ta fitar da kai? Wata tsohuwa a layin mata ta ce, "Babu shi, Malam." Jama'a suka amsa mata. Daga nan tsoro ya sake ni.

Ban raba komai kashi uku ba, magana ɗaya na riƙe. Na ce a cikin labarin nan ni da ku ba mu ne mai gona ba, ba mu ne masu girbi ba. Mu ne barorin nan da suka zo da fartanya a kafaɗa, hannu yana musu ƙaiƙayi. Ba ƙarya suka gani ba, akwai mugun iri a gonar, mai gona da bakinsa ya ce aikin maƙiyi ne. Kuma girbi na nan tafe, ba wanda zai ɓuya a ranar. Amma yau tsakiyar damina ce, gero bai yi kai ba, abin da aka ce mana shi ne mu yi tsaro, mu yi noma, mu cire hannunmu daga tushen ɗan'uwanmu.

Sai na faɗi abin da ban rubuta a takarda ba, ban kuma taɓa faɗa a kan bagade ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka kawo mini maganar wani mutum a cocinmu, Barau, wai kullum ana ganinsa a gidan burkutu. Ban kira shi na tambaye shi ba. Na tashi ran Lahadi na sa shi a horo a gaban matarsa da 'ya'yansa. Daga baya na ji ashe tsohonsa yake zuwa ɗaukowa, ya goyo shi gida don kada ya kwana a kwata. Barau ya daina zuwa, matarsa ta daina, 'ya'yansa biyar suka tashi ba su san ƙofar coci ba. Na ce wa mutanen Durumi, "Kara ɗaya na ja, na tafi da rami guda. Har yau ban je na ba shi haƙuri ba, girman kai ya hana ni. In na koma zan je, ko da takarda ko babu." Daga nan na yi addu'a na sauka.

Ba a yi tafi ba, ba a yi ihu ba. Amma da aka tashi sai da na fi rabin awa a bakin ƙofa. Wani ƙato mai kayan gadi ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce shekara huɗu ba ya gaisawa da ƙanensa a kan maganar da aka kawo masa, yau zai kira shi. Tsohuwar nan ta cusa mini ƙullin daddawa a aljihu.

Aka kira ni ɗan ofishin faston wurin, takardata tana kan tebur. Fada ya riga ya sa hannu tun kafin in shigo, ya ce tsofaffin da yake karantawa da sun ji wannan da sun gyaɗa kai. Mama Fasto ta ce, "Baba, ba ka yi ihu ba, amma wuta ya sauka." Ta rattaba nata mai girma. Saura Dakta Habila. Ya bar ni a tsaye ya daɗe yana duba abin da ya rubuta.

"A wace aya ka ga shibra?"

"Babu ita, ranka ya daɗe."

"To me ya kawo ta?"

Na ce lokacin da Ubangiji ya ba da misalin, manoman alkama ne a gabansa, sun gane ciyawar da yake nufi tun kafin ya rufe baki. Ni manoman gero ne a gabana, na so su ji abin da waɗancan suka ji. Ya ce gonar fa, coci ce ko duniya? Na ce duniya ce, Mai gonar ya faɗa, ban taɓa wannan ba, amma cocinmu a cikin duniyar yake, Barau ma haka. Ya ce wato na soke horo ke nan? Na ce a'a, abin da ya fitar da kai kowa ya gani, da shaidu, ikilisiya ta yi aikinta. Nawa a kan ji-ta-ji-ta na yi shi.

Ya sake duba abin da ya rubuta. Can ya ciro jan biron nan nasa ya ɗora a kan takardar. Biro ya ƙi rubutu. Ya yarfa, ya goga a tafin hannu, ya ƙi. Fada ya zaro nasa daga aljihun farar riga ya miƙa masa. Da biron Fada Rabaran Dakta Habila ya sa mini hannu, a gaban idona, kuma na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce nan gaba in rage tsawon gabatarwa. Na ce to, ranka ya daɗe. Da na fito Sande ya ɗaga ni sama cak a tsakiyar lungu, yana rawa da ni yana kiran sunan Yesu, masu shayi suna kallonmu. Malam Lawal da ya ji ya ce alhamdu lillahi, dama ya sa ni a addu'a.

Ran Litinin aka buga hatimi, ran Talata na kamo hanya. A nan na yi wautar da ta fi ta Zuba. Na ce ba zan gaya wa Saratu a waya ba, so nake in ga fuskarta. Ta kira ran Lahadi ban ɗauka ba, ta kira ran Litinin na bar ta tana ta ƙara.

Da la'asar sakaliya na shiga gida. Tsakar gida cike da kaya. An kwance gado an jingine, tukwane a cikin buhu, tabarmi a naɗe, tufafinmu an ɗaure su a zannuwa ƙulli-ƙulli. Saratu tana durƙushe tana ɗaure na ƙarshe. Na ce ina za ta da kayan mutane? Ba ta ɗago ba. Ta ce tun da ta ga ban ɗauki waya ba ta san abin da ya faru, kuma ita ba za ta zauna dattawa su zo su ce mata ta fita ba, da ƙafarta za ta fita. Ta ce in bar damuwa, ta yi magana da yayanta, akwai ɗaki biyu.

Na ciro takardar na ajiye mata a kan ƙullin. Ba ta karanta Turanci, sai na nuna mata sa hannun malaman da yatsa, ga na ɗaya, ga na biyu, ga na uku. Ta daɗe tana kallo. Ta zauna daɓas a kan buhun tukwane ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba. Da ta buɗe ta ce, "Nomau, kwana biyu ban sa komai a bakina ba. Allah zai tambaye ka."

Sannan ta jawo ƙullin da ke kusa da ita za ta kwance. Ta ɗaure shi da ƙarfi sosai, yatsu suka kasa, sai da ta sa haƙori.